Kwantenar da Ba Ta da Nauyi

Babana Evaristo ya yi shekara talatin da ɗaya
a saman injin ƙugiya, a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
yana ɗaga kwantena daga cikin jirgi, yana dire ta a tudu.
Tun kafin igiya ta miƙe ya san nauyinta,
daga kukan ƙarfe kawai.

Ranar da na ce masa ni ma kwantena nake ɗagawa,
sai ya kama tafin hannuna, ya juya shi,
ya nemi kanta, bai samu ba.
“Tana ina?” Na ce, “A gajimare.”
Ya leƙa taga. Hazo ne kawai ya taso daga teku
yana hawa unguwarmu gida bayan gida.

Na ce manhaja ce, Baba, an ƙulle ta da guzurinta,
duk inda aka sauke ta, nan take kama aiki.
Injunan ba nawa ba ne, haya nake biya.
Wasu can ke gadinsu, su sauya wanda ya gaji,
ko sunansu ban sani ba.
In jama'a ta yi yawa sai ta haifi 'yan'uwa,
in an watse ta tattara kanta.
Ya ce, “Ximena, kayan aro ba ya rufe katara.”
Ya koma kan shayinsa.

Ƙarama ce manhajar, maɓalli ɗaya gare ta:
Ina lafiya.
Don maƙwabta na gina ta, don ranar da ƙasa za ta motsa,
don a nan ƙasa ba ta yin sallama.
Wata goma sha huɗu kwantena uku na gyangyaɗi,
ina biyan kuɗin barcinsu.

Daren Talata, uku saura kwata,
kofuna suka fara gardama a cikin kabad.
Karnukan tudu suka ɗauka baki ɗaya.
Bango ya yi numfashi. Wuta ta ɗauke.

A ƙarƙashin tebur, da hasken waya,
na ga uku ta zama tara,
tara ta zama sittin,
kafin in haɗiye yawu an wuce ɗari biyu.
Ɗaya ta faɗi, wata ta tsaya a gurbinta,
ba kuka, ba jana'iza.
Ban taɓa komai ba.
Da me zan taɓa? Hannuna rawa yake.

Sunaye suka fara sauka kamar yayyafi a kan kwano:
Eulalia mai gidan burodi, lafiya.
Tagwayen Nibaldo, lafiya.
Tsohon nan da ba ya amsa gaisuwa, lafiya.
Garin duka na ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya
kuma ƙofar na ta faɗaɗa.
Ni suna ɗaya nake nema,
na mai gida a gangare, dab da ruwa.

Huɗu da minti tara:
Evaristo, lafiya.
Evaristo, lafiya.
Sau shida.
Babban yatsansa ya fi maɓallin faɗi.

Da gari ya waye adadin ya janye kamar ruwan teku,
ya bar ukun nan a bakin gaɓa, suna hamma.
Na same shi yana share fasassun faranti.
“Nawa kika ɗaga?”
“Ɗari huɗu da goma sha biyu.”
“A kwana nawa?”
“Minti tara.”

Ya jingina tsintsiya da bango.
Na ga leɓensa na lissafi, ya kai ƙarshe, ya sake daga farko.
“To wa ya riƙe igiyar?”
Na ce ban san shi ba, Baba. Wataƙila ma can rana ce a garinsu.

Kofi uku suka tsira a gidan.
Ya zuba mini, ya zuba wa kansa,
ya cika na ukun har baki,
ya ajiye shi a kan taga, wajen hazo.